Baƙuwarmu ƴar mishan ta daina hita, Hausa ta ƙi zama bakinta, mi za ni yi?

Ɗiyar Adar ta rubuta:

Salama gare ku ƴan'uwa. Daga Tawa nike rubutu kuma shawara nike bida don abin ya hwara hana ni kwana. Watan Nuwamba da ya wuce anka aiko muna wata ƴar mishan daga Burazil, budurwa ce ba ta kai shekara talatin ba, aikin jinya ta karanta can ƙasarsu. Da ta iso fasto ya kira ni ya ce tunda na taɓa karantarwa a lakwal kuma gidana na kusa da inda anka sabke ta, to ga amana, in koya mata Hausa in nuna mata gari. Ran Lahadi ta hwara shiga majami'a shi ya sa matan zumunta sunka sa mata Ladi, sunan kuma ya bi ta.

Da hwarko komi lahiya lau, lokacin sanyi ne, kullum tana yawo da ɗan kaye a hannu duk abin da ta ji sai ta rubuta, tana gaida kowa har yara na bin ta suna ina kwana Ladi ina kwana Ladi. To yanzu wata biyar ke nan, zahi ya shigo, kuran yana ɗaukewa da dare ba ta samun kwana, ta rame, kuma in ba sujada ba ba ta leƙa ƙohwar gida. Abu biyu na gani sunka karya mata zuciya. Na ɗaya ran zumuntar mata anka ba ta karatu, wurin ta ce Sabon Alkawari sai bakinta ya kama saɓon, ƴan matan baya sunka tuntsire da dariya, ita ba ta ma san mi ta ce ba sai da na hwaɗa mata a hanya, ta yi shiru har munka kai gida. Na biyu a kasuwa, mai tumatur ta ce mata ashirin, wato dala ashirin tamma ɗari, ita ta ɗauka tamma ashirin ce ta miƙa dala biyar ta tsaya tana jiran canji, matar ta zaci raini ne ta ɗaga murya mutane sunka taru. Tun ran nan ni ke yi mata cehwane ko in aiki ɗana.

Shekaranjiya na iske ta tana kuka. Ta ce mini da Faransanci wai shekara guda ta yi tana koyon Faransancin nan kahin ta zo, ta zo ta iske tsohuwar da ke kawo jikanta wurin magani ba ta ji ko kalma ɗaya, ga harshensu ga Faransanci ga Hausa duk sun cuɗe mata a kai. Ta ce a garinsu ita ake zo ma tambaya, nan kuwa ta koma kamar ɗiyar shekara biyu wadda ko ruwa ba ta iya roƙo daidai. Har ta ce ko dai ba Ubangiji ya kira ta ba ita ta kira kanta. Wannan maganar ta tsaya mini a rai ƙwarai.

Ina yin iyakar ƙoƙarina, duk inda munka tahi ni ke hwasara mata, ina zama da ita awa biyu kullum da littahi, in na ga ta gaji sai mu koma Faransanci don ta sake. Amma abin baya yake komawa. Shin in gaya ma fasto a maida ta Yamai ta huta ko a bar maganar Hausar nan ta yi aikinta da mai hwasara? Wanda ya taɓa zama da irin waɗannan baƙi don Allah ya taimake ni.

Tsohon Majo ya amsa:

Ɗiyata sannu da ɗawainiya, Allah shi biya ki. Ni na yi aiki shekaru da yawa a likitar Galmi, asibitin ƴan mishan, kahin in yi ritaya, likitar nan tun 1950 take, kuma mutanen ƙungiyar mishan ta SIM tun 1924 sunka sabka Damagaram, to kin ga ba yau anka hwara ganin baƙo shina kuka a ƙasar nan ba. Na ga Amurkawa na ga ƴan Ostareliya na ga ƴan Koriya, kusan duk ɗaya, watannin hwarko komi shina ba su sha'awa har raƙumi sai sun tsaya sun ɗauki hoto, in bazara ta hwarko ta iske su sai jiki ya mutu. Abin da kika gani ga Ladi ba alamar rashin kira ba ne, lokacinshi ne ya yi.

Amma zan hwaɗa miki wata magana kar ki ji zahina. Ke ce kike tare mata hanya. Da kyakkyawar zuciya kike yi na sani, amma in ke ce bakinta ke ce ƙahwarta ke ce mai cehwanenta, mi zai sa Hausa ta zauna mata? Waɗanda na ga sun iya Hausa har ana mantawa baƙi ne, ba waɗanda sunka hi kowa littahi ba ne. Akwai wata likita da na yi aiki da ita, duk marece in ta tashi sai ta ɗauki kujerarta ƴar tsugune ta tahi ta zauna wurin matan da ke jinyar ƴan'uwansu suna dahuwa a waje, ba ta jin rabin abin da suke cewa, tana dai taya su gyaran zogala, wata shida haka, ranar da na ji ta tana ma wata tsohuwa ba'a da Adaranci sai da na waiga in ga wa ke magana. Akwai kuma wani da ya hi ta ilimi nesa ba kusa ba, kalmomi duk shina da su a kai, amma daga ɗakin aiki sai gida sai ƴan ƙasarsu, har ya koma ba ya iya tambayar maras lahiya ina ke miki ciwo ba tare da an tsaya bayanshi ba.

Ki daina Faransanci da ita in ba rashin lahiya ko matsala babba ba. Littahin nan na awa biyu ki maida shi rabin awa. Sauran lokacin ki kai ta gidan wata tsohuwa wadda ba ta ji Faransanci ko kaɗan, mai haƙuri mai son hira, ki aje ta ki yi tahiyarki, ba ki zauna nan kina kallon bakinta ba. Za ta ji kamar kin yada ta ran hwarko, ki daure.

Kasuwa kuma ki maida ta wurin mai tumatur ɗin nan dai, ba wata ba. Ki riga ta zuwa ki gaya ma matar cewa baƙuwa ce ba ta san lissahin dala ba. Kin san matanmu, in ta ji haka ita da kanta za ta koya mata har da gyara. Kahin nan ki zube mata kuɗi a tabarma ta yi ta ƙirga, dala biyar dala goma ashirin ɗari jikka, kar ki ce mata ta riƙa ninkawa da biyar a kai, a'a ta san kowane ƙarhe da sunanshi kamar yadda yaro ke sani.

Su kuma ƴan matan da sunka yi dariya ba na ganin laihinsu sosai, amma shugabar zumunta ta kira su ta ba su aiki, kowace ran Asabar biyu su tahi su koya mata waƙoƙin sujada. Waƙa tana gyara baki hiye da karatu.

Ɗan Bida ya amsa:

Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne kuma ba zan ɓoye ba aikin da ya kawo ta ba abin da nike goyon baya ba ne, kowa da addininshi. Amma baƙunci na san shi don ni ma na sha shi, shekara goma sha ɗaya na yi Abijan ina bida kamar yawancin ƴan Adar. Ran da na sabka ba Faransanci ba Julanci, ina tura kaya a kasuwar Ajame, in mace ta kira ni sai in yi tsaye ina kallonta, akwai daren da na kwanta na ce gobe ko da bashi sai na koma Tawa. Abin da ya riƙe ni wani tsoho ne mai teburi da ya ce in riƙa tsare mishi in za shi salla, daga sunan sukari da sabuni da ashana na hwara, shi ke nan. Da na zauna cikin ƴan garinmu kawai da har yau ban iya komi ba, kuma akwai irinsu da yawa can, shekara ashirin ba su iya sayen magani da kansu.

Abin da zan ƙara bisa maganar Baba Majo, ƴar'uwa ki koya mata gaisuwa kahin komi kuma ki koya mata ta doguwa. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina yara, ina zahi, ina ƙoƙari, kuma ta san amsar kowace. Mutumin da ya iya wannan ko bai iya komi ba an karɓe shi. In an yi rasuwa a unguwa ta sa zane da kallabi ta bi ki, ta zauna cikin mata ta ce ina haƙuri ta yi shiru, ba a bukatar hiye da haka kuma ba a mantawa. In an yi haihuwa ta tahi barka, ran suna ta kai ɗan sabuni. Ta kiyaye hannun hagu wurin ba da abu da karɓa, kar ta miƙa ma namiji hannu sai in shi ya miƙo, kar ta tambayi mace sunan mijinta ko na ɗanta na hwari a gaban mutane, da azumi kuma kar ta sha ruwa a bakin hanya. In maƙwabta sun aiko mata da naman layya ta karɓa ta yi godiya, ita ma ran Kirsimeti ta aika musu da nata abincin.

Magana ɗaya kuma tsakani da Allah, ta yi haƙuri da maganar addini a gidajen mutane, bare da yara in iyayensu ba su nan. Mun ga abin da ya hwaru Damagaram da Yamai a Janairun 2015 da anka ƙone majami'u, ni ban ji daɗinshi ba kuma ba mu hwatan a sake. Ta zo a san ta tukuna a san halinta.

Malama daga Yamai ta amsa:

Ƴar'uwa na karanta duka. Ni aikina ke nan a nan Yamai, koya wa baƙi Hausa, to bari in taɓa ɓangaren harshen don akwai abin da ba laifinta ba ne kuma ba naki ba.

Na farko wane littafi kuke amfani da shi? Kusan duk littattafan koyon Hausa da baƙi ke zuwa da su Hausar Kano ce a ciki. Littafi Mai Tsarki ma da aka fara bugawa cikakke a 1932 a Najeriya aka yi aikinsa. To ita ta haddace muka tafi, yana zuwa, me ya faru, ta fita waje ta ji munka tahi, shina zuwa, mi ya hwaru, sai ta ɗauka ba ta koyi komai ba alhali ta koya. Ki zauna ki yi mata layi biyu a kayenta, ga ta littafi ga ta gari, f ɗinsu h ce ko hw a wurinku, suka sunka, aka anka, masa mishi. Cikin sati guda za ki ga kunnenta ya buɗe.

Na biyu bakin ƴan Burazil, r ta farkon kalma kamar h suke fito da ita, za ki ji ruwa ya koma huwa, rana ta koma hana. Kuma harshensu ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, ba ya kuma bambanta kalma da hawa da saukar murya. Mu ba mu lura don da shi muka tashi, amma ki duba gari na zama da garin tuwo, wuya ta wahala da wuyan jiki, kuka na hawaye da kukar miya, a rubuce duk ɗaya suke. Saboda haka rubutun nan da take dogara da shi yana cutar ta. Ki ɗaukar mata muryarki a salula, jimla gajere goma a rana, ta saurara tana maimaitawa kamar waƙa ba tare da ta kalli takarda ba. Sabo da saɓo kuwa ta sa tafin hannu gaban bakinta ɗayan kuma a maƙogwaro, in ta ce ɓ daidai za ta ji maƙogwaron ya ɗan sauka. Bari da ɓari ma ki tsaya mata a kai sosai tunda da mata masu ciki za ta yi aiki.

Batun a bar Hausa a yi da mai fassara ban goyi baya ba sam. Macen ƙauye ba za ta faɗi ciwon da ke ƙarƙashin zanenta a gaban mutum na uku ba, bare in namiji ne. Kuma tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki.

Wani abu da nake yi wa ƴan Burazil kuma yana aiki, ki tambaye ta ko ta san akaraje. A jihar Bahiya ana soya shi a bakin titi da manja, ƙosanmu ne sak, bayin da aka kwasa daga wannan yankin ne suka tafi da shi, cikin bayin nan har da Hausawa, suna cikin waɗanda suka yi tawaye a birnin Salbado a 1835. Shinkafa da wake abincinsu ne na kullum, garin rogo ma suna ci, rogon kansa daga can aka kawo mana shi. Ki kai ta wurin mai ƙosai da safe ki ga fuskarta.

Maman Biyu ta amsa:

Duk maganganun nan gaskiya ne amma ni tsoro na ji da kinka ce ta rame kuma ba ta kwana. Kahin a ce a aje ta gidan tsohuwa a tahi, a kai ta a auna jininta tukuna, palu, wato zazzaɓin cizon sauro, da taifot suna zuwa da mutuwar jiki da kuka haka nan, kuma baƙi ba su san shan ruwa irin na bazararmu ba. Ki sa ta hito da katihwa tsakar gida ta ɗaura sange ta kwana waje kamar kowa, ɗakin siminti a watan huɗu tanda ne. In sati biyu sunka wuce ba ta ci ba ta kwana to wannan ya wuce kewar gida, a gaya ma waɗanda sunka aiko ta, zuwa Yamai na kwana goma ba kaye ba ne.

Sannan Baba Majo ka yi mini haƙuri, zamaninku daban da yanzu. Tun da anka ɗauke Ba'amurken nan a Abalak a 2016, sai 2023 anka sako shi, baƙo ba ya yawo yadda ya ga dama a jihar nan. Gidan da za a kai ta ya zan cikin unguwa, a san mai gidan, fasto ya sani, kar ta riƙa bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum, kuma kar a hita da ita ƙauye ba da sanin hukuma ba.

Ɗiyar Adar ta sake rubutawa:

Na gode muku duka Allah shi bar zumunci. Baba maganarka ta yi mini zahi daren da na karanta ta don ni gani nike ina kare ta ne, amma da na kwanta na tuna ko wata biyu da sunka wuce in mutum ya gaishe ta ni ke amsawa kahin ta buɗe baki.

Maman Biyu mun tahi an auna ta, babu palu, sun ce ruwa ne ya yi ƙaranci a jikinta, yanzu tana kwana waje cikin sange kuma na aje mata tulu kusa. Fasto ya ce in an gama Ista za ta tahi Yamai kwana goma.

Akwai wata Inna bayan gidanmu, Musulma ce mijinta ya rasu, ita ke saƙar tabarma da kaba, na yi mata magana ta ce in kawo ta ai ɗiya ta kowa ce. Jiya na kai ta na baro ta, ina tahiya tana bi na da ido sai da na ji kamar in koma. Da na dawo bayan la'asar na iske an ba ta kaba tana ta hwama, Inna na ce mata ba haka ba ɗiyata tana kama mata yatsu, ta sha hura har ta koyo kalma ukku, ludayi da ƙwarya da wata da ta manta a hanya. Ba ta yi dariya ba amma ba ta yi kuka ba.

Malama ƙosan nan kuwa, yau da sahe mun tahi, ta gutsura ta tsaya ta ce wani abu da harshensu sai hawaye, ashe kakarta ƴar Bahiya ce. Ita ta biya da kanta, na goma, ta ba da ashirin ta karɓi canjinta daidai. Wurin mai tumatur ne har yanzu Ladi ta ƙi yarda mu koma, ta ce sai wani sati. In matsa mata ko in bari?

Tsohon Majo ya amsa:

Bar ta sai wani satin ɗiyata, tumatur ba ya ƙarewa a Tawa. Ke dai ki je ki ga matar tun yanzu. Kuma ki kai ma Inna ɗan goro da sukari daga hannunki, kar ki bari Ladi ta ba ta kuɗi, in kuɗi ya shiga sai ta koma malama, ita kuwa uwa take bukata.